Sharaɗin Cin Abinci

Kankiya, daren Alhamis, cikin watan Rajab

Bayan magariba Sani ya durƙusa a gabana, yana neman izinin bin hanyar da wansa marigayi ya ɗauko: karatun lauya haɗe da na hulɗar ƙasashe a Ingila, saboda ranar da Turawa za su miƙa mulki. Niyyata in hana. Na binne ɗaya, ba na son teku ta raba ni da na biyu.

Na ce ya faɗi sharuɗɗan. Ya ce sai an riga an sami digiri, an iya Latin da Faransanci. Makarantu biyu ne, kowace da jarrabawarta, kuma dole duka su karɓe ka. Na tsufa ina koyarwa, amma sai yau na san nauyin da marigayin ya ɗauka, shi da ya fara karatu a gidan kawunsa a Kusada. Tsarki ya tabbata ga Allah, duk ya cika su.

"Saura ɗaya, Baba," in ji Sani. "Sai ɗalibi ya riƙa cin abinci tare da manyan lauyoyi a zaurensu kafin su ƙidaya shi cikinsu. Shi kaɗai ya rage wa Yaya."

Marigayin shi ne ɗana na fari. Bisa al'ada ban taɓa kiran sunansa ba, balle mu haɗa akushi.

Da aka kawo tuwo, na ajiye akushin tsakaninmu. Na ce, "Wanke hannunka. Mai zuwa zauren lauyoyi ya fara da na ubansa."

Ya gane na yarje masa. Sai da ya fita na furta sunan wansa a hankali: Aminu.