Katakon da Baba Ya Sassaƙa

Zuwa ga ƙanwata Twila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Arlo da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ku da sharrin sanyin Alaska. Mu nan Iowa ƙalau, an gama girbin masara. Mijina Merle dai ƙugu ya sa shi gaba, amma bakinsa garau yake.

Maganar Mama ce ta sa na ɗauki biro. Mantuwarta ta yi nisa, ni kaina wani lokaci sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ya rage mata: kowace Lahadi in kai ta gadarmu mai rufi, ta ɗora yatsa kan sunanta da na marigayi Baba, waɗanda ya sassaƙa da wuƙa a jikin wani katako ranar da ya nemi aurenta. To, tun da 'yan fim suka mai da gadar dandalin masoya, baƙi ba sa yankewa, sai kwamitin kula da gadar ya ce za a sauya tsofaffin katakai don a fita kunya. Na je na sami shugabarsu, na ce mata iyayenmu sun yi soyayya a gadar nan tun ba a haifi masu kyamarar ba. Ta ce ruɓaɓɓe dai ruɓaɓɓe ne, amma za a ba mu namu mu ajiye.

Merle ya goge katakon ya kafa a falo, yana ta hura hanci. Mama na gani ta ce wane ɓarawon banza ne ya ɓalle katakon mutane, maza a mayar kafin Orville, wato Baba, ya je nemanta ya rasa inda zai tsaya. Twila, sai da na shiga kicin na yi kuka. Ashe ba katakon take zuwa gani ba, Baba take zuwa jira.

Washegari na tasa Merle gaba da guduma, muka buga katakon a gurbinsa, kan sabon. Shugabar kwamitin ta bugo waya tana faɗa, na ce in ta isa ta zo ranar Lahadi ta cire a gaban Mama. Ta kuwa zo. Mama ta kama hannunta ta ɗora kan sunan, ta ce mata kada ta damu, shi Orville kullum sai ya makara. Matar ta juya ta ce wa Merle wane irin kafinta ne shi, ƙusoshin nan tsatsa za su yi, gobe ya kawo masu kyau.

Katako kam ya zauna, ba mai taɓa shi ina raye. Saura ke. Har yanzu Mama takan tambaya ina autarta take. Ki zo tun tana tambaya.

Ki gaida Arlo, da Nels da Birdie. Merle yana gaishe ku.

Yayarki,
Lorene