A Bar Layin Nan Ya Shiga Gaban Shugaba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta direbobin tasha, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya, ni ne wanda ya haɗa muku shafin intanet na kama kujerar mota zuwa Kano. Tun da maɓallin shafin ya daina dannuwa, ko mai shayin bakin tasha tambayata yake ko na iya aikin. 'Yan kasuwar shanu na Gwaram da suka yi niyyar ba ni nasu shafin sun fara cigiyar wani a Kano. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don haka ga yadda aka yi.

Na ɗaya: shafin yana aiki ne da laburare, wato tarin umarni da wasu suka rubuta muke aro. Layin da ke kiransa dole ya zo a sama, kafin duk abin da ke amfani da shi. Malam Sakatare na ƙungiya ya buɗe fayil ɗin shafin, ya ga wannan layi a saman sunan Alhaji, ya ce rashin kunya ne, ya mayar da shi can ƙasa, bayan sunan mai gadi.

Na biyu: da hotunan Alhaji suka daina juyawa, maimakon a buɗe konsol, inda burauza, manhajar buɗe shafuka, ke rubuta matsalar da jan rubutu, sai aka kira taro. An zargi ruwan sama, an zargi direbobin garin Zandam, an tofa wa kwamfuta addu'a. Addu'ar na gode, amma jan rubutun yana nan.

Na uku: Malam Sakatare ya ji ana cewa laburare ne ya ɓace, sai ya liƙa wani, tsohon yayi, a kan na farko, wai don a samu ƙari. Yanzu su biyun kokawa suke yi.

Na huɗu: na gyara komai ranar kasuwa. Alhaji ya duba wayarsa, ta nuna masa tsohon shafin da ta ajiye, ya ce ban yi komai ba. Share ajiyar burauza kawai ake yi. Da yamma kuma Malam Sakatare ya sake mayar da layin ƙasa, ya dawo da laburarensa na biyu.

Ranka ya daɗe, a motarka inji yana gaban direba, ba a taɓa cewa ya raina shi ba.

Ina roƙo a bar layin a sama, a cire laburare na biyu, a karɓi kalmar sirri daga hannun Malam Sakatare cikin mutunci. Sannan Alhaji ya faɗa wa mutanen Gwaram da bakinsa cewa ba hannuna ne ya lalata shafin ba, ladabi ne ya yi yawa.

Allah ya ƙara girma, ya kiyaye hanya, ya bar sunan Alhaji a sama, daga layi na biyu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mai haɗa shafuka, Birnin Kudu.