Fanyancin da Na Koya Ban Faɗa Ba

Dogon Dutsi, watan Safar, 1953

Zuwa ga yayana Sallau, a Santa Isabel, tsibirin Fanya da Turawan Sifaniya ke mulki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Baturiya da duk wanda ke cin tuwon gidanka. Allah ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar da aka ce yana damunka, ya sa wa kasuwa albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya yi, wake ne dai tsutsa ta taɓa a gonarmu ta Kore Mairuwa. Gwaggo Ladidi tana nan da ranta, ido ya tafi amma baki na nan yadda ka bar shi. An sauya mana kumanda, Baturen mulkinmu, sabon bai iya komai da Hausa ba sai tsawa. Matata Habsatu tana gaishe ka, ko da yake kwanan nan ba ta cika magana ba, kuma abin da ya sa ta shiru shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗan naka, ɗan farina da ka riƙa, ya taso, yana hanya. Ya bi ayarin Argungu ranar kasuwar da ta wuce, ya ce daga can zai nemi mota har bakin teku. Ina fata takardar nan ta riga shi isowa, don ina so ka ji zancen daga bakina. Zai ce maka ubansa ba ya ƙaunarsa, kuma duk shaidar da zai kawo maka gaskiya ce, ba zai ƙara mini ko kalma ɗaya ba. Ka tuna kun ɗauke shi yana yaye, shekarar da fara ta cinye gero, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Kai ka kira sunansa da baki cike, kai ka ci akushi ɗaya da shi, ya girma can inda uba ke riƙe hannun ɗansa a kasuwa ba mai kallo. Ranar da ya iso bara, ya sauko daga jaki ya buɗe hannuwa ya nufo ni, ga rabin unguwa a tsaye. Ni kuwa na yi abin da Baba ya yi maka duk tsawon ransa: na kau da kai, na tambayi mai jakin ko hanya lafiya. Habsatu ta faɗa ɗaki da gudu ta yi kukanta, ta aiko masa da fura ta hannun maƙwabciya. Kai ɗan fari ne, Yaya, ka tashi cikin abin, ka san yadda ake gane ƙauna a bayan irin wannan shiru. Shi ba wanda ya koya masa.

Gwaggo Ladidi ta zaunar da shi ta yi masa bayani, cewa iyaye ba su kiran sunan ɗan fari, ba su zama hira da shi, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ya yi dariya ya ce ai ya taɓa ji, ya ɗauka tatsuniya ce. Dariyar ba ta kai rani ba. Yaro ne mai hannu, na ba ka wannan, ka yi tarbiyya. Ya gyara keken ɗinkin tela, ya gyara kekunan gardawan bariki, har daga Tibiri ake kawo masa fitila. Yakan shimfiɗa kayansa a ƙofar gida, ni kuma ina zaure da fata da basilla, na ba shi baya ina ɗinka kube. In ƙarfe ya ƙi masa sai ya yi ta yi masa faɗa da Fanyanci, yaren Turawan Sifaniya da ya tashi da shi can, in ya yi daidai ya yi masa waƙa. Na lalata fatu da dama a watannin nan, don kunnena ba ya wurin aikina.

A zauren nan dabarar ta zo mini, kuma na ɗauka ba a taɓa yin mai wayo irina ba. Na ce ai kunyar nan da Hausa ake jin ta. Duk garin nan ba mai jin Fanyanci sai wani tsoho guda, in na faɗa masa abin da ke raina da wannan yare, ba wanda zai ce Rabo baduku ya zubar da kunya. Sai na nufi Ɗantani, tsohon sojan nan da ya yi yaƙin Maroko, ya kuma zauna shekaru yana dafa wa wani Bature ɗan Sifaniya abinci. Na kai masa goro da sabon takalmi, na ce ina so ne in iya don ciniki. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya wane ciniki nake da shi da Sifaniya, ko su ma layu suke biɗa. Bai ƙara tambaya ba, amma na san ya gane.

Na ce ya koya mini sunayen abubuwa, ya ƙi. Ya ce ruwa da tuwo da doki ko bebe ya iya nuna su da yatsa, abin da ba ya nunuwa shi ne ƙananan kalmomin da ke tsakani, irin su tare da, da ban da, da domin. Ya ce wanda ya riƙe waɗannan ya iya magana da mutum, wanda bai riƙe su ba sai dai ya yi ciniki. Sai ya ɗauko ƙwarya da dutse. Ya jefa dutsen ciki ya ce en, ya kife ƙwaryar ya ɗora shi bisa ya ce sobre. Ya tura mini dutsen ya ce a, ya janye shi ya ce de. Ya haɗa su hannu ɗaya ya ce kon, ya jefar da dutsen bayan danga ya nuna mini ƙwarya wayam ya ce sin, sa'an nan ya aike ni in ɗauko. Ni da furfurata, Yaya, ina rarrafe cikin kabewar mutane ina neman dutse. Akwai wasu biyu, por da para, da ya ce duk domin suke nufi amma ba a musanya su. Har yau ban raba su ba, shi ma ina zaton bai raba ba, don duk sa'ad da na matsa sai ya ce lokacin salla ya yi. Daga ƙarshe ya haɗa mini magana guda, kedate kommigo, iho, wato zauna tare da ni, ɗana.

Ba ni da wurin maimaitawa a gida, sai na riƙa zuwa bayan rumbuna da hantsi, ina jujjuya dutse a ƙwarya ina faɗin kalmomin da ƙarfi, don Ɗantani ya ce ba a koyon yaren nan da raɗa. Ashe Ajuma, maƙwabciyarmu mai bori, tana shanyar kuka a wurin. Ta ji ni ba sau ɗaya ba. Ka san garinmu: namiji shi kaɗai, yana jifa da dutse, yana magana da bakin Nasara, ai ba sai an tambaya ba, Babule ne suka hau shi, iskokin nan masu kwaikwayon soja. Ranar da na farga, ina tsakiyar kon da sin, na ɗaga kai na ga mata sun yi mini zobe, mai goge ya riga ya zauna yana ɗaure tsirkiya. Ajuma ta durƙusa tana yi mini sannu da sauka, tana tambaya wane ne daga cikinsu ya zo, kuma me yake so a yanka masa. Yara na ta maimaita kalmomina suna faɗuwa da dariya.

Hayaniyar ce ta jawo ɗan naka. Ya ratsa mutane, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya ya saurari abin da yaran ke faɗi. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya durƙusa gabana, a hankali, ya ce wannan ba maganar iska ba ce, yarensa ne, ya roƙe ni in gaya masa wa nake kira iho. Wallahi Yaya, a idonsa na ga yana jiran amsar, ya ma san ta, so yake kawai ta fito daga bakina. Amma ga surukaina a tsaye, ga abokan kaciyata, ga Gwaggo Ladidi an jawo ta da sanda. In na amsa, gobe a kasuwa za a ce Rabo ya tsufa ya lalace, yana koyon yaren Nasara don ya yi wa ɗan fari kirari. Sai na juya wajen Ajuma, ban ko dube shi ba, na ce ban san abin da bakina ke faɗi ba, wataƙila iskar ce. Ni da na yi karatun allo a Argungu, ni da ban taɓa taka wurin wasan bori ba, na yarda a ce iska ta hau ni, na ba da jan zakara aka yanka. Wannan ya fi mini sauƙi a kan in ce ina son ɗana.

Yaron ya miƙe ya tafi. Daga baya ya gaya wa Ɗantani cewa abu biyu ne: ko dai uban nasa kwaikwayon maganarsa yake yi don mutane su yi dariya, ko kuma ya gwammace a kira shi dokin iska da a kira shi ubansa, kuma ko wanne ne ya ishe shi. Ɗantani ya rantse masa cewa dominsa na koya. Ya ce ya yarda, amma shi ba daga bakin tsohon soja ya zo ji ba. Ya zauna har aka gama girbi don kada a ce ya gudu daga aiki, ya ɗaure mini damma fiye da kowa. Ina da lokaci, Yaya, kada ka ce ban samu dama ba. Mun yi yini guda a gona ɗaya, mu biyu kaɗai, maganar tana kan harshena tun safe, na yi ta cewa bari mu kai ƙarshen kunyar nan ta gero. Ranar tafiyarsa na bi 'yan rakiya har gindin dutse. Ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ake yi. Na ce wa madugun ayari ya kula da jakuna a yashin rafi.

Da na dawo gida Habsatu ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ita mace ce, kunyarta ta fi tawa nauyi, ta sa rai ne ni da na sami yaren da ba mai ji zan faɗa mana mu biyu. Tun ranar sai gaisuwa. Kunyar da nake ji yanzu ba irin wadda aka koya mana ba ce, wannan ba wanda zai yaba mini a kanta. Ajuma kuwa tana ta yawo tana cewa maganinta ya ci, tunda ba a ƙara jin na yi yaren ba.

Abin da nake roƙonka, Yaya, kada ka yi masa faɗa in ya iso, kada kuma ka wanke ni. Ka gaya masa yadda kai ka gane Baba, in akwai yadda ake gaya wa mutum wannan. In ya ce ba zai ƙara taka Arewa ba, kada ka tilasta shi, amma ka sanar da ni gaskiya, don uwarsa ta hana a taɓa tabarmarsa. Ka gaida Baturiya, ka ce mun gode da riƙo, ta yi abin da mu muka kasa. Ka gaida Illo ɗan Dumega in har yana wajenku, da Zalihatu da 'ya'yanta, da limaminku da duk Hausawan unguwa. Gwaggo Ladidi ta ce a gaya maka ba za ta mutu ba sai ka zo ta zage ka.

Saura gaisuwa ɗaya. In ka kawo nan ka daina karantawa, ka miƙa masa takardar ya gani da idonsa, ka koya masa ajami ai. Na ajiye Fanyanci, da Hausa zan faɗa, kowa ma ya ji. Mahmuda. Ni na raɗa wa liman sunan nan ranar sunanka, ban ƙara furta shi ba sai yau, kuma da ƙarfi na faɗe shi ina rubutawa, uwarka tana tsakar gida ta ji. Mahmuda, ɗana, kai nake kira a bayan rumbu. Ka dawo gida.

Ni ne ƙanenka,
Rabo baduku