Sunan da Inna Ta Kira a Bakin Dam

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Hashimu da jinjira. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Mu nan Maradun sai godiya. Baba ya sami ɗan fili a bakin hanyar ruwa yana gwada tumatir, ƙafar Gwaggo Marka kuma ta yi sauƙi tun dawowarta daga wurinku.

Yaya, akwai abin da na gani wanda ban faɗa wa kowa ba, ko Husaina da muke kwana tabarma ɗaya. Amma bari in faro daga littafin da kika aiko mini. Kin san ni da littattafan soyayya, duk a ɗaurin aure suke ƙarewa, in rufe in yi ta kallon rufin ɗaki. Wannan kuwa daga haihuwa ya fara. Amarya a saman bene, da ƙawarta da ba ta taɓa riƙe jariri ba, suka tashi dafa ruwan wankan jego da lantarki, wutar gidan kaf ta ɗauke, miji ya fito goye da ɗa yana ba maƙwabta haƙuri. Matan gida suka tsare ni sai na karanta musu, ni da ko gaisuwa sai kaina na ƙasa. Inna ta yi dariya har tana share ido da bakin zane. Da na kai inda matar ke cilla ɗan farinta sama a gaban surukai tana kiran sunansa gatsau, Gwaggo ta ce birni ya cinye kunya. Inna kuwa ta miƙe wai za ta duba tukunya, alhali ko wuta ba a hura ba.

A ranar ne Gwaggo ta isar da saƙonki: wai ba za ki kawo jinjira gida ba, tunda maƙwabciyarki Gimbiya ce ta zame miki uwa, Inna ko sannu ba ta aiko miki ba. Wai tun tasowarki ba ki taɓa jin sunanki a bakinta ba, daga "waccan" sai "ta Kaduna". Na san kin san kunyar 'yar fari ce, na kuma san sanin bai hana abin ci miki rai ba. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a ba awaki ruwa.

Washegari da hantsi ta ce in raka ta itace. Muka wuce inda muka saba, sai ga mu a bakin dam. Yaya, ba ki ga ruwan nan ba tun da ya cika. Ido ba ya kai ƙarshensa, ya kwanta shiru kamar bai haɗiye gidaje da gonaki ba. Da yake rani ne ya ɗan ja baya, kan tsamiyar tsohon gidanmu ya fito, balbelu sun yi masa fari fat. Inna ta tura ni tsintar ƙirare, na yi nisa sai na tuna na bar igiya, na dawo. Na same ta tsaye, ruwa na taɓa idon sawunta, tana fuskantar tsamiyar nan da aka binne mabiyiyarki a gindinta ranar da aka haife ki. A hankali ta ce, "Barira, sannu da arziki. Barira, kin sha wuya, 'yata." Ta sake faɗin sunan, tana jan shi kamar ba ta son ya ƙare. Na durƙusa bayan geza har ta juyo. Duk littattafan da na karanta, ban taɓa jin an kira wani haka ba.

Kuma zanen goyon da Gwaggo ta kai miki ta ce nata ne, duba shi da kyau. Da shi aka goya ki, Inna ce ta fito da shi daga ƙasan adaka.

Na san in Inna ta ji na faɗa, ba za ta iya haɗa ido da ni ba, ko ni da ita. Don Allah ki zo da jinjira kafin damina ta rufe tsamiyar. Kada ki nuna kin sani. Za ta ce miki "waccan", ki amsa kawai.

Baba yana gaishe ku, da Gwaggo Marka, da Husaina. Ki gaishe mini da Yaya Hashimu, ki yi wa Gimbiya godiya. Inna ba ta ce a gaishe ki ba, amma ta tambaye ni ko motar Ɗantani direba mai zuwa Kaduna gobe Talata za ta tashi daga Mafara. Na so in yaga takardar nan, sai tambayar tata ta hana ni. Gobe da hannuna zan miƙa masa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Taiba