Baƙin Tabon da Kika Gani a Bakin Binta

Zuwa ga Malama Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya a duk inda aiki ya kai ki. Ni ce Hajara ta Dabawa, uwar Binta.

Ina tuna zuwanki da keke daga asibitin sha-ka-tafi na Dutsin-Ma, akwati ɗaure a baya. Ki zauna a gindin tsamiya, ki buɗe bakin yara ɗaya bayan ɗaya, ki nuna mana asuwaki da kurkure baki da ruwan gishiri. Har dariya muke miki, wai malamar da ba ta allura sai leƙen baki.

Sai shekarar da gero ya ƙi, baƙon dauro ya shigo gari. Binta, autata, ta tashi daga ciwon a rame. Ta daina cin tuwo, miyau na zuba, bakinta na wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Kika ɗaga leɓenta, kika haska tocila, sai na ga fara'arki ta ɗauke. Wani baƙin tabo ne a dasashi, bai kai ƙwayar wake ba.

Maigidana ya ce a bari wanzami ya zo ran kasuwa. Kika durƙusa a zaure kika ce, "Malam, wannan ciwon cin nama yake, ba ya jiran kasuwa. Yau za a tafi Katsina." Daga ƙarshe ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Binta ta rayu, amma ciwon ya tafi da gefen kuncinta. Da mayafi take rufewa in za ta rijiya.

Ɗan maƙwabciyata Lami kuwa, da irin ciwon ya kama shi, ɓoye shi aka yi a ɗaki don kunya. Sau nawa kika tsaya a ƙofarsu kina roƙo, ana ce miki ya yi tafiya. Mu muka san inda ya tafi daga baya: maƙabarta.

Tun da aka ɗauke ki, babu wanda aka turo mana.

Rifkatu, 'yar'uwata, bana ma damina ta yi gardama, kuma an ce baƙon dauro ya iso Rawayau, nan kusa da mu. Mata sun fara kawo mini yara, wai ni na zauna kusa da ke. Ina ɗaga leɓe kamar yadda na ga kina yi. Gishiri da ruwan ɗumi kaɗai gare ni. Jiya wata ta ƙi sauke goyonta, ta juya ta fita ba sallama.

Allah ya tsare ki, ya tsare mana bakin 'ya'yanmu, ya sa wannan takarda ta riske ki kafin ciwon ya riske mu.

Taki har kullum,
Hajara