Tulunki Ya Sake Yin Waƙa, Kaka

Zuwa ga Kakata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali kina inda ba a kai saƙo. Ko lokacin da kike nan, kin san ba na iya doguwar magana a gaban manya. Amma wani abu ya faru, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Tun da kika tafi wurin Ubangiji, tulun da kike bugawa a zumuntar mata yake bayan ƙofa. Mama ta cika shi da wake. Sai ga Mama Saratu, shugabar zumunta, ta tako har gidanmu a unguwar Bolari. Ta ce suna so a ji tulunki a sujadar godiyar girbi, kuma jininki suke so ya buga, in ba haka ba a bar shi ya ci gaba da hutawa. Mama ce mai ba da waƙa, don haka ido ya dawo kaina. Ni da ko a aji aka kira sunana sai muryata ta kama rawa!

Da ta tafi, na ɗauko soson da kike bugun bakinsa da shi, na buga. Shiru. Har na tsorata ko ya tsage. Sai na tuna ranar da na zuba masa ruwa ina ƙarama, wai ina taya ki aiki. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Ƙawata, wannan tulun in ya ƙoshi ba ya waƙa. Juye shi."

Muka juye waken. Mun ci alale, mun ci ƙosai, mun ci wake da shinkafa, har Baba ya fara tambaya ko azumin tuwo aka sa mana.

Niyyata in koya a ɓoye, sai na ƙware sannan in bayyana, don kada kowa ya ga kuskurena. Kullum na dawo daga makaranta sai in rufe ɗaki in yi ta bugu. Ya Falmata, maƙwabciyarmu 'yar Borno, ta leƙo ta katanga ta ce da farko ta zaci ke kika dawo, amma da ta saurara sosai ta gane cewa sakwara ake dakawa.

Wata ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan albarkar da Yesu ya sa wa waɗanda suka san talaucinsu na ruhu. Da ina tsammanin ana nufin mutum ya riƙa sa tsumma yana ɓata rai. Ashe mai zuwa gaban Allah hannu wofi ake nufi, wanda bai ɓoye rashinsa ba. Ina zaune sai na ga ni ma cike nake fal da wake: tsoro da son a ce na iya.

Da yamma na ɗauki tulun zuwa wurin koyon waƙa. Na durƙusa na ce wa iyayenmu matan zumunta ban iya ba. Babu wadda ta yi mini dariya. Suka matsa, suka ba ni wurin zamanki, Mama Saratu tana buga mini kiɗan a kafaɗa da yatsunta har hannuna ya ɗauka.

Ranar godiya, Kaka, na buga! A tsakiyar waƙarki ta Tangale na ɓace, amma masu caki suka ƙara ƙarfi har na dawo hanya. Mutane suna ta rawa zuwa gaba da dawa da gyaɗa da kaji. Ni ban kawo komai ba sai tulu wofi, kuma na koma gida da farin cikin da ban yi aikinsa ba. Ina jin wannan ne alherin da kike yawan faɗa.

Allah ya ƙara miki hutawa a gabansa. Ni kuma ya riƙa juye ni duk lokacin da na cika da kaina, ya zuba abin da yake so.

Iyayen sun ce wurinki nawa ne yanzu, ga Kirsimeti na tafe da sababbin waƙoƙi. In ba zan dame ki ba, kin yarda in sake rubuto miki?

Taki jikar,
Rifkatu