Ranar da Kwamfutata Ta Koma 1447

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025
Ta tashi! Babbar manhajar da nake haɗa wa tsofaffin kwamfutocin islamiyyarmu ta tashi. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, har Inna ta leƙo ko lafiya.

Litinin, 6 ga Oktoba
Baba ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Afra'u, ba ta san watan Musulunci ba ne?" Nan take na cire ɗan shirin da ke faɗin kwanan wata, na sa nawa mai lissafin Hijira. Da 1447 ta fito, sai da haƙoran Baba suka bayyana. Yaya Kamilu ya kira daga Kiyawa, wai kada in taɓa kayan asali, wasu shirye-shiryen da su suka dogara. Shi dai komai tsoro.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na ɗauki karatun fiƙihun Baba na makon nan a kwamfuta. Ɗalibansa na Jahun da Miga suna jira in tura musu ranar Juma'a.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Babu karatun.
Ashe shirin ajiya yana share abin da ya fi tsufa idan wuri ya cika, kuma wurin ɗan shirina yake tambayar shekara. Ya ga tarkacen 2025, ya ga karatun Baba na 1447, ya ce wannan ya girmi kowa. Ya share. Ni na jawo, na yi kuka.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Na durƙusa na faɗa wa Baba. Dariya ya yi har rawaninsa ya karkace: "To, ta mayar da ni zamanin kakannin kakanni!" Ya ce in kawo makirufo. Bayan la'asar ya sake karatun daga farko, har da misalin akuya da bai kawo ba a na baya. Na tura kafin magariba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na mayar da shirin kwanan wata na asali wurinsa, nawa ya zauna a gefe da sunansa daban. Dama akwai shirin kwafe fayil da na ƙudura zan sauya yau. Na buɗe, na rufe. Na kira Yaya Kamilu, gaisuwa kawai. Sai can na ce, "Yaya, wai su wa suka dogara da shirin kwafe fayil ɗin nan?"